Garkuwan Daji a Tsaunin Rema

Duk garin da Allah ya so da rahama sai ya ajiye masa jarumi. Mu mutanen Birnin Gwari ya ajiye mana Alhaji Nababa Mai Feshi, Garkuwan Daji, mutumin da in ya yi tari a shagonsa birai ke yin tsit a dajin Kamuku. Wannan ba zancena ba ne. Daga bakinsa na ji, kuma wa ya fi mutum sanin kansa?

Sarautar Garkuwan Daji ba a fada aka naɗa masa ba. Shi ya tashi wata safiya ya dubi cancantarsa, ya duba gabas da yamma bai ga na biyunsa ba, ya naɗa kansa, ya kira mai fenti ya rubuta a allon shago. A ƙarƙashin sarautar an ƙara da ƙananan baƙaƙe cewa ana sayar da taki da irin masara da maganin ciyawa. Nan ne fagen famansa. Daga Gayam har Kutemeshi babu wanda ya hallaka abokan gaba kamarsa, in dai an yarda tofa da ƙuduji abokan gaba ne.

Shekarun nan da hanya ta lalace, da mutum ke shiga gona da addu'a ya fito da hamdala, kowa ya san abin da ya gani, kuma ba abin dariya ba ne. Alhaji ma ya ba da tasa gudummawar. Ya ƙara wa katangar gidansa tsawo. Ya sa ƙofar ƙarfe a bayan ƙofar ƙarfe. Ya kuma ɗauki nauyin gadin ɗakin matarsa, Hajiya Ma'u, daga ciki, gadi na tsakani da Allah, har ba ya barin bakin aiki sai hantsi ya dubi ludayi. Da Allah ya kawo sauƙi, motoci suka dawo hanyar Kaduna, kasuwa ta sake cika, sai ga shi a bencin ƙofar shago da labarai cike da baki, waɗanda ba wanda ya san ranar da suka faru.

"Ku yara ne," yakan ce, ko da a bencin akwai wanda ya ga ranar sunansa. "Dajin nan ni ya sani. Akwai kurmin da in na shiga, giwa ke matsawa ta ba ni hanya. Ba na son faɗa ne kawai, saboda tawali'u."

Tawali'un nan kuwa yakan kai shi har la'asar.

To, Alhaji yana da ɗa, Nu'uman, malamin asibiti, mai sanyin hali kamar ba a gidan aka haife shi ba. A Zariya ya yi karatu, a can ya ga A'isha, ita ma ta gan shi. Komai ya daidaita sai abu ɗaya. Mahaifinta, Malam Sadisu, tsohon hedimasta ne a Tudun Wada, dogo siriri mai auna magana kamar mai sayar da turare. Ya ce shi ba shi da ja a kan yaro, garin ne ke tsaye masa a rai. Abin da rediyo ya daɗe yana zuba masa a kunne game da Birnin Gwari bai bar shi ya yi barci ba, balle ya ɗauki 'yarsa da hannunsa ya kai. Bai ce a'a ba, bai kuma ce to ba. Ya ce zai zo da kansa, gani ya kori ji.

Nu'uman ya tsara komai. Za a kai baƙo asibiti ya ga wurin aiki, a ratsa da shi kasuwa ya ga buhunan masara har sama, a yi azahar a babban masallaci, a dawo a ci girkin Hajiya Ma'u. Duk wanda ya ci girkin Hajiya Ma'u kuwa gardama takan fita daga ransa. Ya kai wa mahaifinsa wannan tsari cikin ladabi.

"Kasuwa?" in ji Alhaji. "Ana kai babban baƙo kallon buhu? Ashe karatun nan naku bai koya muku karramawa ba. Daji zan kai shi. Tsaunin Rema zan kai shi, ya ga gidan da 'yarsa za ta shiga gidan su wane ne."

"Baba, don Allah," in ji Nu'uman, "abin da muke so ya gane shi ne lafiya lau ake zaune."

"To wa ya kawo lafiyar?"

Hajiya Ma'u tana tsinke zogale a gefe, ba ta ko ɗago ba. "Alhaji, kai da ko tsani ba ka hawa in kwano ya yi yoyo?"

"Tsani na masu gyaran kwano ne," in ji shi, ya kaɗe riga ya fita.

Kada wani ya zaci Alhaji bai san Tsaunin Rema ba. Ya san shi ciki da bai. Hotonsa na jikin wata tsohuwar kalanda a shagon, daidai saman buhunan taki, kuma kullum sai sun haɗa ido. Zuwa ne kawai Allah bai nufa ba.

Ranar tafiya gari ya ga abin kallo. Garkuwan Daji ya fito cikin rigar layu irin ta mafarauta, wadda ya saya wurin mai gwanjo, ya ɗora ta a kan shadda mai maiƙo. Ƙafarsa cikin takalmin sojoji da ya matse shi, yana tafiya kamar mai taka garwashi. A kansa malafa, a wuyansa madubin hangen nesa mai ido ɗaya, a kafaɗarsa bindigar toka ta aro, wadda rabonta da albarushi tun mai ita yana da haƙora. Malam Sadisu ya iso daga Zariya cikin farar babbar riga, ya dubi wanda ke shirin zama surukinsa daga malafa har takalmi, ya yi gaisuwa mai kyau, ya zaro carbinsa.

Shekari ne ya ja su. Shekari maƙwabcin Alhaji ne, abokinsa tun firamare, manomi mai gona a Kazage da tsohuwar a-kori-kura, kuma shi kaɗai ne a garin ke yi wa Alhaji dariya a gaban idonsa ya kwana lafiya. Ranar Lahadi in ya dawo daga coci yakan biya ta shago don ya ji sabon labari, ya ce ya fi masa rediyo. Aka sa baƙo a gaba, tsakanin direba da jarumi. Nu'uman ya hau baya da kulolin abinci.

Kaka ce, ƙasa ta yi kyau. Masara ta bushe a tsaye, dawa ta sunkuyar da kai. Ga mutane cike da gonaki suna karya, ga matan Gbagyi da kaya a kafaɗa suna ɗaga wa mota hannu, ga shanu suna ƙetare hanya ba mai korarsu. Duk abin da idon Malam Sadisu ya gani sai ya sanyaya masa rai. Sai dai kunnensa na dama yana hannun Alhaji, kuma abin da ido ya gina kunne ke rushewa.

"Ka ga kwanar nan, Malam? Nan na yi arba da ɓauna, ni da ita, ba na uku. Ka ga wancan rafin? Kada ka ga ruwansa kwance, kadojin ciki sun san ɗanɗanon mutum. Wancan kurmin kuwa, bari kawai. Wanda ya shiga ba da ni ba, sai dai a yi masa addu'a."

"Nababa," in ji Shekari, "wancan kurmin ai gonar rogon ƙanina ce."

"Yanzu ba," in ji Alhaji. "Bayan na share."

Daga bayan mota Nu'uman ba ya jin abin da ake faɗa, amma ta gilashi yana ganin hannuwan mahaifinsa suna auna tsawon haure da faɗin baki. Yana kuma ganin carbin Malam Sadisu, wanda ya taso daga gari yana tafiyar raƙumi, yanzu ya koma sukuwa.

A ƙofar gandun daji wani ma'aikaci mai suna Enoch ya tarbe su da fara'a, ya ce shi zai raka su, amma bindiga sai dai ta jira a nan, ba a shiga da ita. Alhaji ya miƙa ta da sauri, don tun a hanya take cin kafaɗarsa. Sannan ya juya ga baƙonsa.

"Ka gani ko, Malam? Sun san ni. Tsoro suke in ƙarar musu da namun dajin. Ba komai, ɗana, riƙe ta. Da hannu ma mun saba."

Suka bar mota inda hanya ta ƙare, suka taka. Doka da kaɗanya da maɗaci sun haɗa kai a sama, inuwa ta yi sanyi, ƙasa tana ƙamshin ganye. Wani burtu ya ratsa gabansu yana taƙama kamar mai unguwa. Birai suka leƙo daga reshe, kuma abin mamaki ba su yi tsit ba, wataƙila ba su gane shi ba ne saboda malafar. Can sai itatuwa suka buɗe, tsaunin ya bayyana.

Duwatsu ne manya manya, wani kan wani, kamar an jibge buhuna a sito an manta da su tun farkon duniya. Wani ya fi ɗaki girma amma ya tsaya a kan ɗan ƙarami, ka ce iska za ta ture shi. Itatuwa sun tsiro ta tsakankaninsu, saiwoyi sun rungume su. Malam Sadisu ya tsaya cak. Carbin ya tsaya. "Tabarakallahu," in ji shi a hankali, fuskarsa ta saki karon farko tun da ya sauka a garin. Nu'uman ya ga haka, ya ji numfashinsa ya dawo.

Shi ma Alhaji mamaki ya kama shi, don abin ya fi na kalanda nesa ba kusa ba. Amma jarumi ba ya barin mamaki ya daɗe a fuskarsa.

"Ya ragu," in ji shi. "Da ya fi haka."

Malam Sadisu ya juya ga Enoch ya tambaye shi dalilin sunan. Enoch ya buɗe baki, Alhaji ya ɗaga masa hannu.

"Bar shi, ɗana, na san aiki ya hana ka faɗin gaskiya. Malam, sunan lallashi ne, don kada baƙi su firgita. Wane rema? Abin da ke cikin kogunan nan damisa ce, uwa da 'ya'ya da jikoki. In yunwa ta kama su har bayan gari suke zuwa. Unguwar da Nu'uman ya kama gida ma ai hanyarsu ce. Amma kada ka damu. Muddin ina numfashi, 'yarka ba abin da zai same ta, sai dai in na yi tafiya."

Baki shi ke yanka wuya, amma yau wuyan ɗa ya samu. Malam Sadisu ya mayar da fuskarsa yadda ya zo da ita. Ya matsa kusa da Nu'uman, ya dafa kafaɗarsa, ya ce da murya ƙasa ƙasa, "Yaro, kai mutumin kirki ne. Amma ita kaɗai ce mace a ɗakin uwarta. In mun koma sai mu yi magana." Nu'uman ya san irin maganar. Ya dubi ƙasa, don ba a ƙaryata uba a gaban baƙo.

Alhaji bai lura ba, yana neman wurin hoto. Ya zaɓi bakin wani kogo mai duhu a gindin wani dutse mai sulɓi, ya miƙa wa Shekari waya, ya gyara malafa, ya turo ƙirji gwargwadon yadda tumbi ya ba shi dama. Don hoton ya yi armashi sai ya ɗauki wani ƙiraren ice ya zura cikin kogon yana zungura.

"Ku fito!" ya daka tsawa. "Garkuwan Daji ne a ƙofarku!"

Tsaunin ya maimaita, "Ƙofarku, ƙofarku."

"Kun ji?" in ji Alhaji. "Har dutse ya shaida."

Suka kuwa fito. Remaye ne, 'yan dumɓul dumɓul kamar gafiya marar wutsiya, masu ƙiba da gajerun ƙafafu, an tashe su daga barcin rana. Suka yo waje a guje suna tsuwa, ɗaya ya bi ta kan takalmin sojoji, wani ya ratsa ta tsakanin ƙafafun jarumi ya shafi ƙwaurinsa.

Abin da ya biyo baya, waɗanda suka gani har yau ba su daidaita a kan yadda aka yi ba. Dutsen nan ya fi tsayin mutum da hannu a miƙe, ba shi da wurin kamawa, ko akuya sai ta yi shawara. Amma kafin malafa ta kai ƙasa, Alhaji Nababa, da tumbinsa da shaddarsa da takalmin da ya matse shi, yana can ƙoli a kwance rub da ciki, ya rungume dutse kamar ɗan goye.

"Wayyo Inna! Damisa! Ma'u! Ma'u, rufe ƙofa!"

Tsaunin, da yake ba ya zaɓen abin da zai shaida, ya ɗauka ya raba wa daji: "Ƙofa, ƙofa."

Remayen suka hau dutsen da ke kallon nasa, suka jeru a rana, suna tauna ganye suna dubansa. Shekari ya zauna a ƙasa daɓas, yana dariya har da riƙe ciki, wayar tana hannunsa tana ta aikinta. Enoch ya juya baya yana duban wata bishiya da tsananin kulawa. Nu'uman ya so ƙasa ta tsage.

Da Alhaji ya buɗe ido ɗaya ya ga masu tauna ganye, sai ya gyara murya.

"Na hau ne in duba muku hanya," in ji shi daga sama. "Lafiya lau. Sai dai 'ya'yan ne suka fito, uwar tana ciki."

"To sauko, Nababa," in ji Shekari yana share hawaye.

Nan fa ake yin ta. Tsoron da ya kai shi sama bai yi alkawarin dawo da shi ba. Ya leƙa dama ya ga nisa, ya leƙa hagu ya ga abin da ya fi nisa. Ya ce iska ce mai kyau a nan, su ci abinci tukuna. Ya ce a kira masu kashe gobara. Ya ce a je gari a zo da tsani, sannan ya tuna maganarsa da Hajiya, ya ce a bar tsanin. Rana tana dukan dutse, dutse yana gasa tumbi.

Enoch ya zagaya ta baya ya hau wani dutsen ya kama hannuwansa. Shekari da Nu'uman suka tsaya a ƙasa, amma dukansu gajeru ne, ƙafafun Alhaji suna ta lilo a sama ba su sami wurin sauka ba. Sai Malam Sadisu ya tuɓe farar babbar rigarsa, ya ninke ta tsaf kamar zai sa a akwati, ya ajiye a kan malafar, ya zo ya jingina da dutsen.

"Bismillah, Alhaji. Taka."

An ce tsoro na daji, kunya na gida. Garkuwan Daji ya dubi kafaɗun mutumin da yake nema wa ɗansa 'yarsa, ya tuna nan daji ne, ya runtse ido, ya taka. Ya silalo a hankali yana salati, rigar layu tana gogar dutse, layun suna ɓallewa ɗaya bayan ɗaya. Waɗanda suka fashe sai ga soson katifa yana leƙowa. Da ƙafarsa ta taɓa ƙasa ya buɗe ido, ya karkaɗe shadda, ya dubi dutsen sama da ƙasa.

"Da ƙuruciya," in ji shi, "tsalle ɗaya nake saukowa."

Nu'uman ya lura kafaɗun Malam Sadisu suna rawa, kuma ba nauyin da suka ɗauka ba ne. Tsohon hedimasta ya juya baya yana sa riga, ya daɗe ƙwarai kansa bai fito ta wuyan rigar ba.

Aka shimfiɗa tabarma a inuwar kaɗanya, aka buɗe kulolin Hajiya Ma'u: dambun shinkafa da zogale, soyayyar kaza, kunun aya mai sanyi. Malam Sadisu ya ci ya ƙara. Ya tambayi Enoch labarin remaye, wannan karon aka bar shi ya amsa. Ya tambayi Shekari yadda masara ta yi bana, da makarantar da jikokinsa ke zuwa, da ko matan gari na fita unguwa da yamma. Alhaji ya cire takalmin sojoji yana shafa yatsu, ya yi shiru irin wanda garin bai taɓa ji daga gare shi ba. A hanyar dawowa carbin yana aljihu, baƙo yana ɗaga wa masu karyar masara hannu.

Bayan la'asar aka zauna a zauren gidan. Nu'uman ya rakuɓe a bakin ƙofa yana jiran hukunci. Hajiya Ma'u tana bayan labule, ta riga ta ga abin da ke cikin wayar, don Shekari ba ya ɓoye alheri.

"Alhaji," in ji Malam Sadisu, "tun yaushe kake garin nan?"

Alhaji ya ji an taɓo fagensa, ya farfaɗo. "Nan aka binne cibiyata, Malam. Ban taɓa barinsa ba. Lokacin da maza suka tattara suka koma Kaduna, ni ina nan daram, ko ƙofar gida ban matsa ba."

"Haka ne," in ji murya daga bayan labule.

Malam Sadisu ya dubi kumatun Alhaji, ya dubi wuyansa mai ninki, ya sauke ido kan tumbin da dutse ya gasa, ya jinjina kai.

"Alhamdu lillahi. To ni na gamsu. Garin da mai zuciya irin taka ya zauna a cikinsa har ya yi furfura, ya kuma ajiye wannan jiki, A'isha za ta yi barci har da minshari. Ku turo magabata."

Aka yi biki bayan an gama sussuka, amarya ta tare, tana nan lafiya. Alhaji kuwa ya koma bencinsa da sabon labari, kuma duk wanda ya zo sayen taki sai ya ji shi kafin a auna masa.

"Surukina hedimasta ne guda, mai ilimi, ba irinku ba. A gaban jama'a ya faɗa, ba don asibitin yaro ba, ba don dukiya ba, saboda irin zuciyata ya ba da 'yarsa."

Mukan ce gaskiya ne, Alhaji. A duk labaran da ya taɓa ba mu, wannan ne kaɗai yake da shaidu.